Ragon Suna Da Ƙwayoyin Tansiyon

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan tattaɓa-kunnena na fari ba. Ni da ake nema in ana shawara a unguwarmu Briqueterie, ni da na yi wa rabin matan layinmu wankan jego, rago ne ya tona mini asiri a tsakar gidana.

Tun shekarar da maigidana Alhaji ya rasu likita ya ce ina da tansiyon, wato hawan jini, ya ɗora ni a kan wata 'yar farar ƙwaya kullum da safe. Ni kuwa ban ga ciwo ba. Ina cin tuwona, ina zuwa har unguwar Messa da ƙafata, sai a ce in zama baiwar ƙwaya? To amma 'yata Hadiza ba ta da wasa. Ita ke ɓallowa ta miƙo mini da ruwa. Sai in kai hannu baki, in kurɓi ruwa har da lumshe ido, ƙwaya kuwa tana maƙale tsakanin yatsuna. Tana juya baya in jefa a gwangwanin madara ƙarƙashin gado. (Kada ku yi mini wannan kallon, na san ba ni kaɗai ba ce.)

Mai ba mu maganin Balkisu ce, mai farmasin bakin titi. Yarinyar da na yi wa wankan jarirai, yau ita ce Dokta. Duk wanda ya je sai ta ce, "Magani in ya rage kada a zuba a kwata ko shara, a dawo mini da shi, ina haɗa shi da namu da ya lalace a kai inda ake ƙonawa." Ni dai ji nake kawai. In kai mata gwangwanina in ce me?

Ana gobe suna na ji Hadiza na cewa za a ɗaga gadona a yi shimfiɗa, saboda dangin uban jariri za su zo daga unguwar Ekoudou. Na faki ido na ɗauki gwangwanin, na juye shi a lungun bayan madafi inda muke tara ɓawon rogo da na ayaba, na rufe da ɓawon. Ashe a wannan lungun maza za su ɗaure ragon suna.

Da safe gida ya cika, maza na ƙofar gida suna jiran a yi yanka. Sai na ji Ɗanjuma mahauci yana cewa, "Kai, wannan rago ya ƙi tashi!" Na leƙa. Rago kwance, kai a ƙasa, yawu na zuba. Ɓawon nan babu shi, sai 'yan fararen ƙwayoyi warwatse cikin ƙasa, waɗanda ni kaɗai na san su.

"Gajiyar mota ce," in ji Ɗanjuma. "A yi maza a yanka tun yana motsi. Ku tanadi kwanon hantar mai jego."

Hantar mai jego! Jikata Zainabu ce mai jegon, ga jariri a nono. In yi shiru, ta ci abin da ban san ƙarshensa ba. In yi magana, surukai na zaune reras a tabarma. Ɗanjuma ya gama wasa wuƙa, ya take ƙafar rago, ya kama haɓarsa.

"Ɗanjuma, ɗaga wuƙar nan!"

Ban san muryata ta kai haka ba, har masu daka suka tsaya. Hadiza ta ce, "Inna, lafiya?" Na gyara mayafi na ce ragon ya ci magani, ragowar na marigayi Alhaji ne na zubar. (Allah Ya jiƙan Alhaji, ko a kabari bai huta da ni ba.)

Nan take Hadiza ta kira Balkisu a waya, ta zo ko farmasin ba ta buɗe ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tsinci ƙwaya ɗaya ta jujjuya. Sannan ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya, don yarinyar tana da kunya.

"Hajiya, ragowar na Baba Alhaji ai Anti Hadiza ta kawo mini tun bayan arba'in. Wannan naki ne. Likitan dabbobi zai tambaye ni yawansa. Tun yaushe kike tarawa?"

Ta rage murya, amma gidan ya yi tsit, kowa ya ji. Na ce, "Tun azumi."

"Wanda ya wuce?"

"Na bara."

Kakar uban jariri ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Hajiya da kanta?" Hadiza kuwa, hawaye kawai na gani a idonta. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Balkisu ta ce ba a yanka wannan rago ba, ta kira likitan dabbobi. Ta share ƙwayoyin har da ƙasar wurin ta ƙulle a leda, saboda yara masu rarrafe. Maza suka ruga neman wani rago. Ni kuwa ta ɗaura mini abin awo a hannu a gaban jama'a, ta duba, fuskarta ta sauya, ta ce maza a kai ni asibiti. A asibiti na ji sunan da aka raɗa wa yaro, ta waya.

Ragon bai mutu ba. Ɗanjuma har yau in ya gan ni sai ya ce, "Hajiya, ya mai jiki? Na ji tansiyonsa ya sauka."

Yanzu kullum da safe sai na buɗe wa Hadiza baki ta leƙa har ƙarƙashin harshe, kamar 'yar yaye. Ko rabin ƙwaya ya rage a gidan nan, da ƙafata nake kai wa Balkisu, da rana tsaka. Na gane in za a kunyata ni, gara a gaban yarinya ɗaya cikin farmasi da a gaban mutanen Ekoudou da rago.