Rasuwar Rautar Saman Shagon Lamidi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da rashin sukuni, ni Sirajo mai gyaran na'urori na unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, nake sanar da rasuwar rautarmu, na'urar nan da ta yi zamanta a kan rufin shagon Lamidi mai shinkafa a Argungu, tana raba wa unguwa intanet. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a hannuna, ina tsakiyar sabunta mata manhaja.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha rana, ta sha ruwan damina da kashin tattabaru, ba a taɓa jin bakinta ba sai "ɗit-ɗit" idan an kawo wuta.

Jinyarta ta daɗe. Kamfanin da ya ƙera ta ya manta da ita tuni, aka bar ni da ɗawainiya. A cikinta akwai uwar manhaja da muke kira kanal, da wata ƙarama mai tuƙa eriya, wato direba. Duk sabon kanal da ya fito sai ya ƙi jinin tsohon direba, ni kuma in zauna in yi faci, faci a kan faci, kamar tayar ɗan kabu-kabun Ambursa. Bana facin ya ƙi kamawa. Da na buga wa Lamidi waya na ce sabon kanal ya kashe direba, kafin azahar 'yan tashar Argungu sun ajiye motoci, suna tambayar wane direba ne, kuma yaushe sojoji suka shigo gari. Ina ba su haƙuri. Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Ta rasu ta bar eriya biyu, caja ɗaya, da tarin facin da ba zai shiga jikin wata na'ura ba. Ta kuma bar Inna Laure, tsohuwar da ke zuwa gindin shagon kowace Juma'a don ta yi kiran bidiyo ta ga fuskar ɗanta Maliki, wanda ke neman abinci a Libiya. A lungunsu, layin waya murya ma da ƙyar yake ɗauka. Wannan ne abin da ke cin raina.

Za a sauko da gawa gobe Juma'a bayan an idar da salla, a rufe ta a kwalin da ta zo a ciki. Ana karɓar gaisuwa a shagon Lamidi. Inna Laure za ta iso da la'asar, da tabarmarta da wayarta, ba ta da labari. Ina roƙon a samu mai ƙarfin zuciya cikin masu gaisuwa ya tare ta ya gaya mata, domin ni dai ba zan iya ba.