Yadda Nomau Ya Rabar da Irin Giyar Tabawa

A ƙauyenmu na Maguzawa akwai wani magidanci, Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tabawa ke dafa burkutu, kuma duk yankin ba mai kama ƙafarta. Sirrin yana cikin iri, wato farin kumfan da ke tasowa a bakin tukunya, wanda ake kwashewa a shanya don tayar da dahuwa ta gaba. Nata a hannun marigayiya uwarta ta gaje shi. Ba ta ba kowa, ko ƙanwarta.

Wata rana ta kwashe kumfa ta shanya a faifai, za ta rafi. Ta ce, "Maigida, ka tsare mini shi daga kaji." Nomau ya zauna da sanda. Akuya ta zo ta lashe faifan tas, yana kallo. Da Tabawa ta dawo ta ɗora hannu a ka, sai ya ce, "Wallahi ko kaza ɗaya ba ta matso ba."

Wata rana kuma da sanyin safiya ta jiƙa busasshen iri a ruwan tsiron dawa don ya farka. Ta ce ya kai shi inda zai ji ɗumi. Bawan Allah ya juye a tukunya ya ɗora kan murhu, har da ƙara itace. Iri ya tafasa ya mutu murus. Ya ce, "Taɓa ki ji, ya ɗumama sosai." Ranar sai da muka riƙe ta.

Abin da ya rage mata bai wuce cikin ƙaramin ƙoƙo ɗaya ba, ga gayyar noman gonarsu saura mako biyu. A wurinmu kuwa gayya ba giya, ko fartanya ɗaya ba za ka gani ba.

Wata rana maƙwabciyarsu Duduwa ta roƙi Nomau ɗan kaɗan, ya zo ya faɗa. Tabawa tana tsakiyar tace tsiro, ranta a ɓace, ta ce, "Duduwa kaɗai? Ai sai ka raba wa duk gari!" Tana juya baya ya sauke ƙoƙon ya fita. Gida-gida ya bi, kowace mace ɗan tsunkule, ya dawo da rabon gidansu a tafin hannu. Tabawa ta zauna daɓas ta yi kuka mai cin rai. Ni ma na ji tausayinta, don abin uwarta ke nan guda.

Ta tayar da ɗan tsunkulen nata a tukunya. Kwana huɗu bayan haka aka tafka ruwa da la'asar, bangon ɗakin giya ya rufta. Tukwane suka farfashe, ragayar da ake rataye ƙoƙon ta nutse cikin laka. Ba abin da aka tsinta.

Washegari tana tsugune tana tsince sakaina, sai ga Duduwa da ludayi cike da kumfa. Bayanta wata, bayanta wata, mata har goma sha ɗaya, kowacce ta dafa da irin, ya kuma tashi. Tabawa ta karɓi ludayin farko ta shinshina. Sannan ta ce a hankali, "Na Inna ne."

Ta waiwaya ta dubi mijinta. Nomau ya sunkuyar da kai, ya zaci faɗa ne.

Ya ce, "Ki yi haƙuri, ban cika duk garin ba. Gidan Liman sun ƙi karɓa."