Yadda Za Ka Shiga Kwamitin Ambaliya Ba Tare da Ka Saki Burtali Ba

Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan yadda na jero su, za ka fito daga kowane taron sauyin yanayi da sabuwar hula da suna mai kyau, gonarka kuma ko taku ɗaya ba za ta ragu ba. Ni Nababa, wakilin Tudun Gawo a kwamitin haɗin gwiwar garuruwa biyar, na gwada da kaina.

Ga yadda abin yake. Ruwan yanzu ba ya shawara da kowa. Sai ya yi sati uku bai leƙo ba, ran da ya ga dama ya juye na wata guda kafin la'asar. Shi ne wata ƙungiya ta tara mu, mu na ƙasar Minjibir da maƙwabtanmu na ƙasar Gezawa, wai ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Aka duba aka ga tsohon burtali, hanyar shanun da ta ratsa gonakinmu, shi ne ke kwashe ruwa ya kai fadama, mu kuwa mun nome shi. Aka ce kowa ya saki abin da ya ci. Ni kunyoyi huɗu na ci, daidai kwanar da ruwa yake juyawa. In bai juya ba sai ya miƙe Kwarin Ɗinya, gidan farko da zai tarar kuma na yayata Ikilima ne, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar.

1. Ka riga kowa shiga kwamiti

Wanda yake cikin kwamiti shi ke riƙe igiyar awo. Wanda yake waje, gonarsa ake aunawa. Ana cewa wa zai wakilci gari, ka miƙe kana cewa ba ka so, har a roƙe ka.

2. Ka koyi bakin taro

Kalmomi uku sun ishe ka: juriya, ɗorewa, masu ruwa da tsaki. Ka riƙa jefa su kamar gishiri a miya. In aka haska taswira a bango, ka gyaɗa kai a hankali ka ce, "Wannan abu sai mun haɗa kai." Lura da kyau, kai aka ce a haɗa, ba a ce gona ba.

3. Ka dogara da gamba

Mai hankali ba ya cin burtali a shekara ɗaya. Kunya guda ake ƙarawa lokacin huɗa, sannan a tumɓuke gamban iyaka a dasa shi gaba kaɗan. Kafin kaka ya yi tushe, ya zama shaidarka.

Ranar awo, Malam Hadi, dattijon da ya fi kowa shekaru a kwamitin, zai dogara sandarsa ya ce, "Nababa, a nan fa garke biyu ke giftawa ba sa gogar juna. Yau jaki da mangala sai ya karkace."

Kada ka yi musu da babba. Ka rusuna ka ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma ga gamba nan, shi ma ba yau ya fito ba." Daga nan ka kawo shawarar a kafa ƙaramin kwamiti ya binciki shekarun gamban.

4. Ranar gayya, a fara daga can

Garuruwa biyar za su fito da fatanya da shebur don a buɗe burtali. Ka zo da goro da murya. Ka ce ladabi ya sa a fara da ɓangaren baƙi, wato ƙarshen burtali, can wajen fadama. Kafin a iso kwanarka azahar ta yi, an ci tuwo, jiki ya mutu. Ka karɓi shebur ɗin wani a ɗauke ka hoto, ka mayar masa.

5. In 'yar'uwa ta zo, ka ba ta fura

Wannan ne mataki mai wuya, nan ragwaye ke faɗuwa. Yaya Ikilima ta tako da ƙafa tun daga Kwari. Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, a bayanta na fara ratsa burtalin nan, kuma duk duniya ita kaɗai ke ce mini Auta.

Ta ce, "Auta, bara ruwa har bakin randata ya zo. Ka buɗe kwanar nan. Kunyoyin nan dami nawa suke ba ka?"

Na ce, "Yaya, maganar tana gaban kwamiti."

Ta ce, "To ba kai ne kwamitin ba?"

Ba zan ɓoye maka ba, na ji abin har cikin raina. Amma ji ba ya hana aiki. Na sa aka dama mata fura, na raka ta har bakin gari, na ce ta gaida yara.

6. Buhunan yashi da saƙon waya

Za a raba buhuna don tare ruwa, ba a faɗi ruwan wa ba. Ka jera naka a gefen geronka, kwanar ta ƙarasa toshewa. In saƙo ya shigo wayarka cewa ruwa mai ƙarfi na tafe, aikinka ne ka kira wakilin Kwari ya sanar a lasifikar masallaci. Ka kira, amma sai ka gama gyara buhunanka. Ni da na kira, hadari ya riga ya karye, ba ma jin juna.

7. Ka je jaje da wuri

Ruwan ya sauko ana kiran la'asar, ya iso kwana, ya ga a rufe, ya miƙe. Ɗakuna biyu da rumbun Yaya Ikilima suka zauna. Allah Ya kiyaye rai, ta fito da yaran da akuya ɗaya. Washegari ka sa hular ƙungiya, ka tsaya kan ɓaraguzai ka ce sauyin yanayi ne. Ba ƙarya ka yi ba, ai shi ya kawo ruwan. Kai hanya kawai ka nuna masa.

Gerona kuwa ko kara ɗaya bai kwanta ba. Kunyoyin nan huɗu dami biyu cif suka ba ni.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya, ko a gona, ko a gida, ko ranar da za a tambayi kowa iyakarsa. Mai ƙorafi kada ya zo gidana, babu wurin zama. Yaya Ikilima da yaranta suna ɗakina tun ranar, ni ina zaure. Damin nan biyu a sati biyu aka cinye su. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa ambaton burtali ba. Kullum da safe dai takan turo mini koko, in na shiga gaishe ta kuma ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, Wakili."

Ban ƙara jin Auta a bakinta ba.