Ango Kore Shar

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Ladi a Rikoto ba, kuma ko na so mantawa dangi ba za su bari ba.

Ina da ɗan shagon buga takardu a Zuru, don haka kalandar biki a wuyana ta faɗo. Biki ya matso, sai firintata ta sabunta manhajarta da kanta, ta wayi gari ta ƙi tawadar ɗuri da na saba zuba mata, wai sai ta kamfanin da ya ƙera ta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kaya nawa, amma wani can a wata uwa duniya ke ba shi umarni? Wannan ai golmo ne irin na al'adar aurenmu, amma marar ƙarewa, ka yi ta yi wa surukai noma, matar kuma ba a ba ka ba.

Na yi zuciya na cire manhajar kamfanin, na sa wadda jama'a suka haɗa, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara. Firinta ta kama aiki. Kalandar farko ta fito fes, amarya da ango kamar ka kira su su amsa. Daga nan kaina ya kumbura. Na bar ta tana bugawa, ina naɗewa ina ɗaurewa ba ko dubawa, ina yi wa maƙwabtan shago wa'azin 'yanci (har mai gyaran babur bai tsira ba).

Ashe kamfanin ya ɓoye yadda ake gane tawada ta ƙare, sabuwar manhajar ba ta da yadda za ta gargaɗe ni. Jar tawada ta ƙare tun da wuri.

Ranar biki, a gaban dangin ango daga Dabai, na raba kalanda da hannuna ina taƙama. Gwaggon ango ta warware tata, ta kai nesa, ta kawo kusa.

"Ɗana, mi ya samu yaronmu? Ko shawara ta kama shi ba a hwaɗa muna ba?"

Ango kore shar kamar ganyen rama, amarya ta fi shi. Wuri ya kaure da dariya. Ladi ta ɗaga mayafi ta ce, "Yaya, na gode," da wata murya da har yau nake jin ta a ƙashina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na sake buga mata wasu, ta huce. Firintata kuwa har gobe tawadar da na ga dama take sha, kuma ina alfahari da haka. Sai dai na gane wanda ya kori mai gadi, shi zai riƙa leƙa ƙofa da kansa.