Lambar Keke a Karofi

"...da gajiya, Iya? Ya ƙafar?"

Iya ba ta ɗago daga ɓarar gyaɗar da take yi a tsakar gidanta na Zurgu ba. Jikanta ne Maharazu, wanda take kira maigida tun yana goye. Ta ji lokacin da ya jingine kekensa a zaure, keken da yake kai albasa kasuwar Kibiya da shi. Ta kuma ji ana cewa daga gobe 'yan doka za su kama duk keken da ba shi da lambar bana.

"Ƙafa ta fi kekenka lafiya. Yau aka tuna da uwargida? Ina cefanena?"

"Da wane haƙorin za ki ci? Ni kuɗin shara na zo karɓa, irin wanda kakannin kirki ke ba jikoki."

"Watan cika-ciki ko alamarsa babu."

"Ki biya tun yanzu. Wa ya sani ko za ki kai?"

"Na raka waɗanda suka fi ka ƙiba. Me kake ɓoyewa a hammata? Fito da hannayen."

Ya fito da su a hankali. Sun yi shuɗi shar, har wuyan hannu.

"Marini ka koma?"

"Rano na je, ofishin En'e, yankar lamba. Malamin ya ce bana an yi ƙari a kan kuɗin. Wai da ƙarin ake sayen ƙarfen, a biya shi albashi, a biya masinjansa."

"Wato ka biya kuɗin lamba, ka kuma biya mai karɓar kuɗin?"

"Haka fa. Abin da na riƙe bai kai ba. Na leƙa na ga lambar bana shuɗiya ce, tawa ta bara fara. Sai na biya ta karofi na tsoma ta a baba."

"Ƙarfen?"

"Ta fito fara tas, yadda ta shiga. Ni ne na rinu."

Iya ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga zanenta. Ta goge ido da gefen mayafi.

"Allah Ya so ka da ha'incin bai kama ba. Gobe sai ka ɗaga wa ɗan doka hannu, ka ce taka a jiki aka buga."

"Yi dariyarki. In suka kama keken, a bayanki zan ɗaure albasar har Kibiya."

"Sai ka yanka mini lamba tukuna, da ƙarinta."

"Ke ai ko malamin ba zai karɓa ba. Zai ce kin tsufa da hawa titi. Sakinki zan yi in huta."

"Wa za ta kwashi miji mai shuɗin hannu?"

Ta dube shi. Bakinsa na wasa, amma idonsa na can zaure wajen keken. Ta nuna bayan rumbu da haɓa.

"Jan zakaran can, kama shi ka kai Rano ka sayar, ka cika kuɗin lambar kafin 'yan ofis su tashi. Ka riƙe shi da tsumma, don Allah. Ba na so a ce a gidana aka ƙyanƙyashe shuɗin zakara."