Na Ba Taubashi Alƙalanci

Na dawo daga bita a Kano ina hura hanci, na sanar wa ɗalibaina na Bunkure cewa jan birona ya yi ritaya. Kowa zai yi jawabi da Turanci kan noman rani, ɗan'uwansa ɗalibi ya ba shi maki. Ban tambayi dangantakar kowa ba.

Hadiza, gwanar ajin, ta tashi da sifili.

Washegari mahaifinta, shugaban ƙungiyar iyaye, ya taho daga gonar shinkafa da taɓo har gwiwa.

"Malam, wa ya kayar mini da 'ya?"

"Sani ne, Alhaji."

Sai ya tuntsire da dariya. "Ɗan ƙanwata? Taubashi ka ba alƙalanci?"

Na yi ajiyar zuciya. Har yau in na wuce majalisar su Alhaji sai wani ya ɗaga murya: "Malam, ranar ƙarin girmanka a kira taubashinka ya sa hannu!"