Rakiyar Rifkatu Zuwa Kan Dutse

Ba zan taɓa mantawa da rakiyar amaryar da na yi zuwa duwatsun Gwoza ba, ko na so in manta ma mutanen Bolori ba za su bar ni ba. A shekarun tamanin ne, lokacin ina da 'ya'ya biyar, ina da jiki (jiki na ce, ban ce ƙiba ba), ina kuma da bakin da bai iya furta "ba zan iya ba".

Ni 'yar Maiduguri ce gaba da baya. A Limanti aka haife ni, Bolori aka kai ni aure. Tafiya mafi nisa da na taɓa yi ita ce Konduga, ta'aziyya, ita ma na dawo ina ba da labari kamar wadda ta je Makka a ƙasa. Duk wanda ya san garinmu ya san a shimfiɗe yake kamar faranti. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne gadona na ƙarfe, shi ma sai na taka kujera.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Maman Rifkatu. Kiristoci ne, mutanen kudancin Borno, mijinta akawu ne a wani ofishi cikin gari. Ta kan katangar nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da labarin unguwa. Rifkatu kuwa a bayana ta girma, ni na yi mata kitson farko, Inna take ce min. Da aka ɗaura aurenta a cocinsu da wani malamin makaranta mai suna Bitrus, sai aka ce za a kai ta ƙauyensu a bayan Gwoza, iyayensa su karɓe ta. Shi angon ya riga ya yi gaba. Uwa ba ta raka 'yarta gidan miji, saboda haka Maman Rifkatu ta leƙo ta katanga.

"Maman Modu, ke ce uwarta a tafiyar nan. Ba ta san kowa a can ba, su ma ba su taɓa ganinta ba. Ki sa hannunta a hannun uwar mijin, su san yarinyar nan tana da mutane."

Na ce, "Shi ke nan? Je ki kwanta ki yi barcinki."

"Amma fa akwai ɗan hawa."

"Hawa ba ƙafa ke yin sa ba? Ina da biyu."

Na ƙudura a raina sai mutanen dutse sun san daga birni aka kawo musu amarya. Na sha lalle hannu da ƙafa. Na fito da lafayata mai ƙyalli, ruwan hoda, na turara ta a kan kasko har maigidana ya gudu zaure yana tari. Na yi wanka da turaren humra. Sannan na je kasuwa shagon wani Ibo na sayo takalmi mai doguwar dunduniya, wanda ya rantse min ko a Legas sai manyan mata ke sa irinsa.

Da sassafe muka cika akori-kura, mu da 'yan rakiya da akwatunan amarya. Jagorarmu Saratu ce, ƙanwar baban Rifkatu, siririyar mace wadda aka haifa a kan dutsen. Muka wuce Konduga, muka wuce Bama. Can sai na hango wani baƙin abu ya tokare sama a gabanmu. Na buga kan mota na ce, "Direba, taka ta, ga hadari nan ya haɗo!"

Saratu ta ce, "Ba hadari ba ne, Maman Modu. Can za mu."

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

A gindin dutsen mota ta sauke mu, sai na ga kowa yana tuɓe kwalliya. Ita kanta amarya ta ninke kayan bikinta ta cusa a jaka, ta ɗaura tsohon zani, ta sa silifas. Saratu ta ce akwai wata tsamiya kafin a shiga ƙauyen, a nan kowa zai sake shiri. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce in cire takalmin, in naɗe lafayar a ƙugu.

Na ce, "Lallen da na kwana ina jinya zan taka a kan tsakuwa? Ku dai ku tafi a haka. Dole a samu mutum ɗaya da za a kalla a ce daga Maiduguri ya fito."

(Allah Ya amsa min wannan addu'ar fiye da yadda na roƙa.)

Farkon hawan da sauƙi-sauƙi, tsakanin 'yan gonakin da aka jera wa duwatsu kamar matakala. Numfashina dai yana fita kamar zugazugin maƙeri, tsofaffi masu dakon itace suna wuce ni suna yi min sannu, amma ban faɗi ba. Har na fara cewa a raina, wannan ne abin da ake ta zuzutawa? Sai muka zagaya wani ƙaton dutse, hanya ta fito fili.

Kun san ƙashin bayan ramammiyar saniya? To haka wurin yake, a kansa kuma hanyar ta bi. Faɗinta bai kai na dardumar salla ba. Hagu rami, dama rami, babu bishiya, babu katanga, babu abin da hannu zai kama sai iska. Na leƙa sau ɗaya, sai na ga shirwa tana shawagi a ƙarƙashina. Tun da nake, cikin shirwa na sani. Ran nan na ga bayanta.

Saratu ta tsayar da mu ta yi bayani, babu wasa a fuskarta. Ɗaya bayan ɗaya za a bi, ba a wuce juna. Kowa ya kafa ido a dunduniyar na gabansa. In iska ta taso a durƙusa har ta wuce. Kada wanda ya cafki wani ba zato, don mutum biyu ne za su tafi maimakon ɗaya. Na ce, "To in mutum ya zame fa?" Ta ce, "Sai a zagaya ta ƙasa a ɗauko shi." Ba ta ce a kai shi asibiti ba, na lura da wannan. Ta sa ni a bayanta don ta riƙa jin motsina, sauran jama'a da amarya suka biyo ni.

Mun kai wajen tsakiya iska ta taso. Kowa ya durƙusa. Ni kuwa lafayata ta cika da iska ta kumbura, ta fara ja na wajen dama kamar tana da wani uzuri a Kamaru. Na yi taga-taga, dunduniyar takalmi ta shige tsagar dutse, na fizge, takalmin ya fice ya bi iska. Muka yi shiru muna jiran mu ji faɗuwarsa. Har yau ban ji ba.

Ban san lokacin da na zauna ba. Na dai tsinci kaina na hau hanyar kamar jaki, ƙafa ɗaya a hagu ɗaya a dama, na rungume wani kan dutse kamar ni na haife shi. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta cin abinci.

"Inna, tashi mana," in ji Rifkatu daga baya.

"Ba inda za ni. Ki ce wa Baban Modu na yafe masa. Tukunyar da na ara wurin mamanki tana ƙarƙashin gadona."

"Maman Modu, kin tare hanya," in ji Saratu. "Ba mai wuce ki."

"Ku tsallaka ta kaina, na yarda."

Aka lallashe ni, aka yi min faɗa, wata ta fara waƙar coci ko zuciyata za ta kwanta. Rana ta yi sama, masu akwati a ka wuyansu ya fara rawa. Na san can ana jiran amarya, na san ni ce na tsaya tsakaninta da gidan mijinta, amma ƙafafuna sun ce ba da su aka yi alkawari ba.

Daga ƙarshe Saratu ta ja jiki ta dawo kusa da ni ta ce, "Idonki ne zai kashe ki, ba dutsen ba. Bari mu rufe shi." Ta ce haka suke yi wa ɗan maraƙi in ya ƙi wucewa (ban ji haushi ba, a lokacin ko akuya ta kira ni zan amsa). Ta cire min ɗaya takalmin, ta tattara lafayar ta ɗaure tamau, ta jawo gefenta ta lulluɓe min fuska har haɓa, ba na ganin komai sai yatsun ƙafata. Ta ɗora hannuna a kafaɗarta, wata ta riƙe ƙuguna ta baya. Rifkatu, baiwar Allah, ta ɗora jakata a kanta, ta riƙe min takalmin da ya rage. Haka muka tafi, ina jan ƙafa ina kuka da sheshsheka.

Abin da ban sani ba, mutanen ango sun gaji da jira a ƙauye, sun ɗauka wani abu ya same mu, suka kwaso ganguna suka taho har bakin hanyar. To ku tsaya a inda suka tsaya ku duba. Ga mace a gaban ayari, fuska a lulluɓe, lafaya tana ƙyalli, ƙafa ta sha lalle, ƙamshi ya riga ta isowa, mata biyu suna riƙe da ita, tana kuka. Ko ni ce a wurin guɗa zan yi.

Ƙafata tana taka ƙasa mai faɗi sai na ji guɗa ta tashi, ganguna suka ɗauka. Hannuwa suka karɓe ni daga hannun Saratu. Na ji muryarta tana ta faman magana da yarensu, amma kiɗa ya danne ta. Ni kuwa na ce a raina, kai, mutanen nan sun san darajar wanda ya tsallake rijiya. Ban buɗe fuskar ba, don ban tabbata ramin ya ƙare ba. Aka zaunar da ni a kan sabuwar tabarma. Wata ta kama ƙafata ta fara wankewa da ruwa mai sanyi. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, da ta gama ni na miƙa mata ɗayar. Aka zuro min ƙwarya ta ƙarƙashin lulluɓi, kunu ne da zuma. Na shanye tas, har na karkaɗa ƙwaryar.

Sai kiɗa ya lafa. Wani hannu mai taushi ya ɗaga lafayar a hankali.

Wata 'yar tsohuwa ce durƙushe a gabana, bakinta cike da murmushi. Murmushin ya tsaya a inda yake. Kwallina ya gangaro har haɓa, hancina yana yoyo, ga furfura biyu-uku da ɗankwali ya zame ya tona. Ta dube ni, ta dubi wuyana, ta waiwaya ta nemo ɗanta a cikin taro. Da 'yar Hausarta ta ce, "Bitrus. Wannan ce?"

Bitrus ya shiga waige-waige yana neman amaryarsa.

Tsohuwar ta ƙara da cewa, "Ka ce min yarinya ce."

Wani tsoho mai sanda ya matso ya leƙa fuskata ya ce, "Zaman birni ne. Yana tsofar da mutum da wuri."

Ni kuma duk maganar duniya ba wadda ta zo bakina sai, "Ina wuninku?"

Saratu ta faɗi a ƙasa tana riƙe da ciki. Dariya ta kama wurin kamar gobara, har makaɗa suka saki ganguna. Na so ƙasa ta tsage, sai na tuna yanzu na fito daga inda ta tsage, na fasa. A cikin wannan hali na hango Rifkatu can bayan taro, da tsohon zani, da jakata a ka, da takalmina a hannu. Ita ba dariya take ba. Idonta ya cika. Sau ɗaya ake yi wa mace wannan tarbar a rayuwarta, ni kuma na zauna na shanye ta har da karkaɗa ƙwarya.

Na miƙe. Na warware lafayar daga jikina, na tsaya daga ni sai rigar ciki, ƙafa ba takalmi. Na ratsa taron na sauke mata jakar, na naɗa mata lafayar yadda ake naɗa wa amaren Maiduguri, na rufe mata fuska. Na juyo na ce da makaɗa, "Ku ɗauki gangunanku. Wancan gwaji ne, a sake!"

Na ja ta muka koma baya don mu sake shigowa (ba da nisa ba, ina hango bakin hanyar nan na ce nan ma ya isa). Guɗa ta tashi fiye da ta farko. Aka sake ɗebo ruwa, aka aika gida a damo wani kunun. Na kama hannunta na sa a na tsohuwar, na ce, "Mama, ga taki ta gaskiya. Tana da mutane. Kin dai ga irinsu." Tsohuwar ta rungume Rifkatu, ta miƙo ɗaya hannun ta jawo ni, tana dariya tana share hawaye.

Da za mu dawo, da lulluɓin aka sake tsallakar da ni, amma sai da na sa Saratu ta rantse ba mai jira da ganga a ɗaya gefen. Labari kuwa ya riga ni isa Bolori. Ina shiga gida Maman Rifkatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Na aike ki kai 'ya, kin je karɓe mata miji?" Maigidana ko kai bai ɗaga daga rediyonsa ba, ya ce, "Sannu da zuwa, amarya. Ashe da aurena a kanki kika je ƙarin wani."

Tun daga ranar, in aka gayyace ni rakiyar amarya, ba na tambayar ɗan gidan waye angon, ko me yake yi. Tambayata ɗaya ce: mota tana kaiwa har ƙofar gidan? In aka ce eh, ina gaba. In aka fara cewa "to, kusan dai", sai in ba da turaren wuta a kai mata, in yi mata addu'a daga tsakar gidana, inda shirwa take sama ni ina ƙasa.